Har ina kuke barin yaranku su kai wajen wasa?

Wata uwa, yankin Ringim: Salamu alaikum. Ɗana ɗan shekara biyar ya fara bin yayyensa hawan mangwaro a bayan gari. Kakarsa ta ce in sa masa ido kawai, wai ubansa ma haka ya tashi. Ni kuwa gabana faɗuwa yake. Iyaye, ku yaya kuka yi da naku?

Malamin firamare, Gaya: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ƙyale shi, amma kada kowa ya ɗauke shi ya ɗora a reshe. Yaron da ya hau da ƙafarsa yana tsayawa inda ƙarfinsa ya tsaya, kuma ya san ta inda zai sauko. Wanda babba ya ɗora shi ne yake maƙalewa yana ihu. Ko a makaranta ina gane 'yan langa da kokawa, in sun faɗi sai su kakkaɓe riga su miƙe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana. Namu na ƙauye, tsakanin tura gare da bin awaki, kafin azahar sun cika.

Goggo, Auyo: Malam ya yi gaskiya. Ni bishiya ba ta taɓa hana ni barci ba, ruwa ne abin tsorona. Yaro yana ganin tsayin reshe da idonsa, amma ina zai ga zurfin kududdufin da aka haƙi ƙasar gini? Bakinsa iya gwiwa, taku biyu gaba ya shanye babban mutum. Tun ambaliyar 2022 na kafa wa jikokina doka: dandali naku ne, gada da 'yar gala-gala har isha, amma kududdufi da bakin rijiya babu mai zuwa sai da babba.

Ma'aikacin lafiya, Kura: Goggo, ki ƙara da tsargiya. A nan wajenmu yara a magudanan ruwan noman rani suke wanka, kuma ƙwayar cutar daga jikin dodon koɗi take fitowa ta shiga ta fata. Har gobe akwai masu ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji. Ciwo ne, kuma yana da magani, praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu. Ƙujewar gwiwa kuwa ruwa da sabulu sun ishe ta.

Wani uba, Dawakin Tofa: Ku yi haƙuri, ni ban yarda gaba ɗaya ba. Nawa ya faɗo daga mangwaro, hannu ya karye, sai da muka kwana a asibiti. Reshen mangwaro ba shi da amana, ba kamar na tsamiya ba. Ban hana shi hawa ba bayan ya warke, don ko na hana a ɓoye zai je. Na dai koya masa ya gwada reshe da ƙafa kafin ya saki nauyinsa, kuma in an yi ruwa babu hawa sai itacen ya bushe.

Wata 'yar uwa, Birnin Kudu: Babu wanda ya ambaci kunama. Masu wasan dare a sa musu takalmi, musamman farkon damina.