Na tsinci motar James Bond a cikin bosho, in sake mata fenti ko in bar ta haka?

Isuhu_Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gajiya ina zafi. Ni dai akwai wata ƴar cuta da ta kama ni shekara uku ke nan, wato tara ƙananan motoci na ƙarfe, amma ba kowace ba sai wadda ta fito a fim. Yanzu ina da 11, akwai baƙar Dodge Charger ta Fast and Furious, akwai Supra mai ruwan lemu, akwai farar Peugeot 406 ta fim ɗin Taxi wadda wani abokina ya zo min da ita daga Faransa, sauran duk ƙanana ne na Hot Wheels. To ran asabar na shiga kasuwar Wadata neman takalmin lakkol na yarona sai na ga wani mai bosho ya zube kayan wasan yara a kan tabarma, ina cikin tonawa hannuna ya faɗa kan wata ƴar mota mai nauyi launin zinariya, fentin duk ya kankare a gefe, na taɓa wani ɗan ƙarfe kawai sai rufin ya buɗe kujera ta yi tsalle tas, wlh sai da na zabura. Na juya cikinta na ga an rubuta Corgi Toys, Made in Gt. Britain, da sunan James Bond. Dala ɗari na biya ko ciniki ban yi ba.

Abin da ke damuna, a fim ɗin ai motar launin azurfa ce, wannan kuwa zinariya, ko jabu ce? Wani abokina mai fentin mota ya ce in kawo ya fesa mata azurfa ta dawo sabuwa fil. Sannan tayoyin Charger ɗin sun fara danƙo suna liƙewa a katakon da nake jera su. Masu sani a taimaka.

DanAder_Tawa:
Wa alaikumus salam. Isuhu ɗan uwana don Allah don Annabi kada ka bari mai fentin nan ya taɓa motar ga, ko kallonta kada ya yi. Ba jabu ba ce, haka anka yi ta. Fim ɗin Goldfinger ya hito 1964, motar ciki Aston Martin DB5 ce launin azurfa gaskiyarka, amma da kamfanin Corgi sunka hiddo tasu ƙarama a 1965 mai lamba 261 sai sunka shafa mata zinariya, wai azurfar tana kama da ƙarfen da ba a yi ma fenti ba. Sai a 1968 sunka hiddo wata mai lamba 270, ita ce mai azurfa kuma lambar motarta tana juyawa. To in taka zinariya ce kuma an rubuta Made in Gt. Britain, akwai alamar ta farin ce ka samu, a Swansea anka ƙera su can ƙasar Birtaniya. Waɗanda sunka sake yi daga baya yawanci a Sin anka yi su kuma shina rubuce a ciki.

Gwada wani abu, ka tura bututun hayaƙin na baya da yatsa, ya kamata wani ɗan allo ya taso bayan gilashi, shi ne garkuwar harsashi. Kuma duba kujerar da ke tsalle, akwai wani ɗan mutum da ke zama kanta wanda ake cillawa waje, na san da wuya ka iske shi, shi ne abin da ke fara ɓacewa tun hannun yaron farko.

Masu tara abin ga sun hi son tsohon fenti ko ya kankare a kan sabo, ranar da ka fesa mata ta zama abin wasa kamar kowane. Amma kuma kada ka ɗauka ka tsinci zinariyar Djado, an yi su da yawa ƙwarai shekarar, mai tsada ita ce wadda ke da kwalinta da takardunta da ɗan mutumin cikinta. Taka darajarta ita ce ta kai shekara 60 ta ƙetaro teku cikin dila har Wadata kuma sufirin ɗinta, wato murɗaɗɗar wayar da ke sa kujera tsalle, bai mutu ba.

Bakanike_Katako:
Ni maganar taya zan yi tunda ita ce sana'ata ko da ta manya ce. Yallaɓai zafi ne ba komai ba. Robar da suke yin tayar da ita akwai wani mai a cikinta da ke sa ta yi laushi, in zafi ya yi yawa sai ya dinga tsattsafowa, shi ne danƙon da kake ji, kuma in katakon naka an shafa mai varnish ko roba ce ka ɗora a kai sai su cinye juna. A Yamai watan huɗu da na biyar muna kai 45, ɗakin kwano kuwa Allah kaɗai ya san nawa ne a ciki da azahar, su kuwa masu ƙera abin nan ba don mu suka yi ba. Ka ɗauke su daga kusa da taga, rana tana kashe fenti musamman ja da ruwan lemu, Supra ɗinka ita za ta fara koɗewa. Ka sa farar takarda a ƙarƙashin taya, ko ka yanka ɗan katako ka tokare cikin motar tayoyin su ɗan tashi kamar yadda muke ɗaga mota a gareji. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, kada ka goge da tsumma busasshe, ƙurarmu yashi ce tana kankare gilashi, ka samu buroshin kwalliya na mata mai laushi, ka saya naka dai kada ka ɗauki na madam a yi rigima.

Kuma ban da ruwa da omo a tsohuwar nan, akwai sufirin da ƴan ƙarafa a ciki za su yi tsatsa. Jikin ba ƙarfe ba ne irin namu, wani haɗi ne ana ce mai zamak, yawancinsa zinc da ɗan alminiyom, ana narkawa a zuba a mazubi kamar yadda ƴan uwanmu ke zuba tukwane a nan Katako. In ya faɗi ya karye ba ya walda, na gwada na ƙona ta wani yaro har yau yana harara ta.

Abu ɗaya da zan ƙara, ka tsaya a girma ɗaya in kana so jerin ya yi kyau. Lambar da ke kan kwali ita ce awo, 1:18 na nufin an raba tsawon motar gaske gida 18, DB5 mai mita huɗu da rabi da ɗoriya za ta fito wajen santimita 25, a 1:43 wajen 10, a 1:64 irin Hot Wheels wajen 7. Charger ɗinka in ta kamfanin Jada ce 1:24 za ta yi santimita ashirin da wani abu, in ka jera ta da ƙananan sai ka ga kamar raƙumi cikin awaki.

Maman_Nafisa:
Hmm ashe kuna da yawa. Maigidana ma haka yake, shi tasa cutar DeLorean ce, mai ƙofofi suna ɗagawa sama ta Back to the Future, da baƙar nan mai magana ta shirin talabijin K 2000, har bitirin, wato kabad mai gilashi, ya sa aka yi masa da kwaɗo, yara su tsaya suna leƙe kamar masu kallon nama a kantin mahauci. Na ce masa wannan zalunci ne, ka kawo mota gida ka ce yaro kada ya taɓa? Yanzu dai mun yi sulhu, in ya sayo tasa sai ya haɗo da ƙananan motocin Majorette biyu na yara su farfasa abinsu. Malam Isuhu in ba ka yi haka ba wlh wata rana za ka dawo ka tarar da James Bond ɗinka a cikin kwata an ɗaura mata zare. Kuma takalmin lakkol ɗin dai an saya ko?

Baba_Tchanga:
Ƴaƴana kun ba ni dariya. Mu zamaninmu motar kara munka sani, ka fere karan dawa ka tsaga bayansa ka soke, taya kuma sakaina ko murfin kwalba, daga baya anka koma gwangwanin madara da waya. Fim ɗin da duk munka gani a silma gobe sai ka ga motarsa a unguwa an ƙera, ba duwan ba kuɗin jirgi. Ban hana ku ba, ya fi kashe kuɗi a shisha, amma Isuhu ka nemo yaro mai hannu ya yi maka 406 ɗin nan da gwangwani ka ajiye gefen ta Faransa mu ga wadda baƙi za su fara ɗauka.

Isuhu_Yantala:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Yaya DanAder na tura bututun, garkuwar ta taso wlh, sai da na tashi madam daga barci ta gani, abin da ta ce ba zan rubuta a nan ba. Ɗan mutumin babu shi kamar yadda ka ce, direban dai yana nan. Fenti kuma na fasa, mai fentin ya ji haushi wai raina aikinsa na yi. Bakanike na sa takarda tun jiya, amma taya ɗaya ta baya ta riga ta baje, ana samun canjinta kuwa? Maman Nafisa takalmi sai asabar mai zuwa in sha Allah. Baba in ka san yaro mai yi ka haɗa mu, zan biya.

DanAder_Tawa:
Taya ana samu a intanet amma kuɗin aikowa ya hi motar, ka jira har ka tsinci wata Charger ɗin da ta mutu cikin bosho ka cire nata. Kuma asabar in ka koma gun mutumin ka tona ƙasan buhun da kyau, ɗan mutumin ga bai kai ƙwayar gujiya biyu ba, wataƙila shina nan cikin tarkace. Sai dai kada ka nuna mishi kana so, in ya gane dala ɗarin nan ta ƙare.