Motar da aka cire wa katalizar: in saya ko in haƙura?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. An nuna mini Corolla ƙirar 2006, mai inji 1.8, shigowar Kwatano, takardun duwan cikakku. Bakaniken da ya shiga ƙarƙashinta ya ce an fasa katalizar an kwashe cikinta, an mayar da gwangwanin da walda. Dillali kuwa ya ce rabin motocin Maraɗi haka suke yawo, wai ma ta fi gudu. Me rashinta ke jawowa, kuma me ya kamata in duba kafin in biya?

Bakanike Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam, motar za ta tashi, za ta kai ka Damagaram ta dawo. Katalizar, wadda 'yan Najeriya ke kira indomi, tana tsakanin inji da tukunyar salansa. Cikinta kamar saƙar zuma ne na yumɓu, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: platinum, palladium da rhodium. Aikinta ƙona gubar da ke cikin hayaƙi in ta yi zafi, daga digiri 400 zuwa sama. Ba ta ƙara wa inji ƙarfi.

Tambayar da za ka yi ita ce: don me aka cire? Ko an kwashe ta don sayar da ƙarafan, a tashar jirgin ruwa ko a wani gareji, wannan da sauƙi. Ko kuma ta toshe ne, mota ta daina ja, aka fasa ta. Katalizar ba ta cika mutuwa haka kawai ba, inji ke kashe ta. Buji ko bobin da ke tsallake wuta na tura ɗanyen mai cikinta, ya kama wuta a can ya narkar da ita. Injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto shi ma yana liƙe ramukanta. In haka ne, an cire shaidar, ciwon yana nan.

Don haka ka je da sassafe, inji a sanyaye, kada a ɗumama maka shi kafin ka iso. A tayar kana tsaye a baya. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan minti biyar, ruwa ne, gaskit ɗin kan inji ya tafi. A kwance buji huɗun: wanda ya jiƙe da mai ko ya yi baƙi ƙirin ya faɗa maka silindar da ke da matsala. A auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ka yi sallama da dillali.

Mai Lantarkin Mota:
Na yarda da Bakanike Zariya, sai dai a ƙara maganar sansa, wato 'yar na'urar da ke auna iskar da ke cikin hayaƙi. Guda biyu ne a jikin bututun hayaƙi. Na gaba, kafin katalizar, shi ke gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta ba inji. Na baya yana sa ido ne kan aikin katalizar. In gwangwanin fanko ne, na baya zai ga hayaƙi bai canza ba, fitilar inji ta kama a tablo, na'urar bincike ta nuna P0420, lambar da ke nufin katalizar ba ta aiki yadda ya kamata.

A nan ake yi wa mai saye dabara. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole fitilar inji ta kunnu tare da sauran, ta mutu bayan an tayar. In ba ta kunnu ba sam, an cire ƙwan ko an liƙe shi. In an goge lambar ne da na'ura, wajen gwajin katalizar a na'urar binciken zai nuna bai kammala ba, kuma fitilar za ta dawo bayan 'yan tafiye-tafiye. A duba ƙarfin wutar sansan baya inji na da zafi: mai lafiya yana zama kusan 0.6 zuwa 0.7 na bolt, na fanko yana lilo tsakanin 0.1 da 0.9.

Shan mai kuma, ba rashin katalizar ke kawo shi kai tsaye ba. Masu fasawa ne kan tsinka waya ko su lalata sansan gaba da zafin walda, sai kwamfuta ta koma zuba mai a makance. Illar zama da fitila a kunne kullum ita ce ran da wata matsala ta gaske ta zo, ba za ka sani ba.

Hajiya Mai Sufuri:
Ɗana, kada a manta da lafiya. Hayaƙin motar da ba katalizar yana ɗauke da iskar guba marar wari mai yawa, kuma waldar da aka yi a gaggauce tana yoyo daidai ƙarƙashin kujeru. A zafin Afrilu mutum ya rufe gilashi ya kunna sanyi a tsaye da yara a ciki, abin ba wasa ba ne. A toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci inji na aiki, duk inda ke huci za a ji.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri. In inji ya fita lafiya, in sa wata ke nan?

Bakanike Zariya:
Ka sa, amma daga kuɗin mai sayar da motar. Tambayi farashin ta asali tsohuwa, wadda aka kwanto daga irin motar, haɗe da sansa da ladan aiki, ka zabge jimlar daga ciniki. Kafin ka karɓa, haska ta da tocila ta baki ɗaya: ramukan su zama a buɗe, ba narkewa, in ka girgiza ba ƙarar tsakuwa. Sababbin nan masu arha ƙarfen cikinsu kaɗan ne, P0420 kan dawo. Kuma buji da bobin a fara gyarawa kafin a ɗaura ta, in ba haka ba ita ma za ta narke.