Ciyawar roba ko ta shuka?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mun gama katanga, saura ɗan fili a gaban falo, kamar mita 6 a 5. Maigida ya ce ciyawar roba za a shimfiɗa, ni kuma raina ya fi kwanciya da ta shuka. Waɗanda suka gwada su ba mu shawara don Allah.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Tukuna dai, akwai inuwa a wajen? Kuna da burtsatse?

Maman Hanif: Babu ko ɗaya. Rana ce tun hantsi har la'asar, ruwa kuwa sai 'yan garuwa.

Hajiya Kaka: To 'yata, ki saurare ni da kyau. Ni na sa ta roba a gidana na Kano, da hunturu aka shimfiɗa, duk wanda ya shigo sai ya tsaya ɗaukar hoto. Da bazara ta kama sai ta nuna halinta. Daga azahar ba mai iya taka ta ba takalmi, jikana ya fita da gudu ya dawo yana tsalle yana kuka. Roba ce fa, zafi take sha ta riƙe, har ɗakin da ke kusa sai ka ji hucin yana shigowa ta taga. Wanda ya sayar min ya rantse ba ta son ruwa. Ƙarya ne. Ƙurar hunturu tana shigewa cikinta, sai an wanke an bi da burushi mai tauri, in ba haka ba ta kwanta ta yi fari. Sannan ragon layya ya kwana biyu a kanta, warin fitsari ya ƙi fita har bayan sallah. Na kira mutumin, ya ce wai ai ba don dabbobi aka yi ta ba, daga nan ya daina ɗaga wayata.

Ɗan Auta: Hajiya, ragon bai gwada cin ta ba? 😂

Hajiya Kaka: Ya gwada mana, ɗan nema. Ya tuge gefe guda.

Injiniya: Hajiya, a yi min afuwa, warin nan laifin mai shimfiɗa ne. Ciyawar tana da ƙananan huji a ƙasanta don ruwa ya wuce. Ana kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa da garin dutse, a daddaɓe, a ba shi ɗan gangare, sannan a shimfiɗa a watsa yashi a kai. In aka ɗora ta kan siminti kawai, ruwan Agusta zai kwanta a ƙarƙashi. Kuma suna hawa-hawa, akwai mai tsawon milimita 20, akwai 30, akwai 40. Mai arhar nan da ba a yi mata kariyar rana ba, da wuri take koɗewa ta fara marmashewa. Batun zafi kam gaskiyarki ce, a tsakar rana tana iya haura digiri 60.

Baban Ummi: Shi ya sa 'yan wasa suka yi ta ƙorafi a gasar cin kofin duniya ta mata da aka buga a kan ciyawar roba a Kanada, 2015. Kanada fa, balle Kano.

Ɗan Auta: Yaya, kai har ƙwallon mata kake kallo?

Baban Ummi: Ka fita harkata.

Anti Malama: Ni tambayata ta salla ce. In yaro ya yi fitsari a kan ta roba, ai sai an wanke kamar darduma ko?

Kawu: A kwarara ruwa har najasar ta gushe, a shimfiɗa sallaya. Amma ku daina yabon ta shuka kamar kyauta ce. Da rani kusan kullum sai an ba ta ruwa, ku lissafa kuɗin kura guda a unguwarku ku ninka da wata. Ga aski da damina, ga gara tana cin saiwa, in ta yi duhu ga sauro.

Maman Hanif: Kawu ka kashe min jiki wallahi.

Anti Malama: Ki nemi ciyawar kiri-kiri, ƙanwata. Tana jure rana, in ta bushe da rani ruwan farko na sauka take farfaɗowa. A dasa a Yuni, damina ta raine miki ita. Sai dai tana yaɗo, ki yi mata iyaka da bulo kada ta cinye fulawoyi.

Injiniya: Ko a raba filin. Intalok a hanya, kiri-kiri kaɗan a tsakiya, a dasa bishiya. Roba sai inda rana ba ta duka, kamar baranda.

Hajiya Kaka: Injiniya, faɗa mana gaskiya, kai ma sayar da ita kake yi ko?

Injiniya: Haba Hajiya, ni da na ce a dasa bishiya?

Kawu: In bishiya ce kada a sa darbejiya jikin katanga, saiwarta na fasa gini.

Baban Ummi: Tamu ta fi ni shekaru, katangar na nan.

Kawu: Ka je ka duba bayanta.

Ɗan Auta: Wai wa ke da maganin gara mai kyau? Ta fara cin ƙofar kicin ɗin Umma.