Taƙaitawar Shawarwari Kan Bunƙasar Tattalin Arzikin Indiya

Jama'a, assalamu alaikum. Ga abin da na tsinto daga muhawararmu ta 'yan Jos a kan Indiya.

1. Kusan kowa ya yarda cewa sauyin ya samo asali ne a 1991, lokacin da Manmohan Singh, yana ministan kuɗi, ya sassauta ƙa'idojin lasisi da suka daɗe suna ɗaure 'yan kasuwa.

2. An fi daɗewa a kan madara, kuma a ganina nan ne darasinmu yake. Indiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara ta hanyar ƙungiyoyin gama-kai irin su Amul, waɗanda suke karɓa kullum daga hannun mai saniya biyu ko uku, su auna, su biya shi. Shawarar masu yawa ita ce makiyayanmu na Filato su haɗa kai, su nemi wurin sanyaya nono kusa da rugage, domin sanyin garinmu ya dace da wannan sana'a.

3. Masu sayar da kayan gyaran Keke Napep sun nemi matasa su koyi ƙera ƙananan sassa a nan gida, maimakon jiran Bajaj da TVS, kamfanonin Indiya masu ƙera keken.

4. Ra'ayi ya rabu kan kare kasuwar cikin gida. Wasu sun kafa hujja da hana fitar da wani nau'in farar shinkafa da Indiya ta yi a 2023, wasu kuwa suka ce rufe iyakokinmu a 2019 tsada ya jawo wa talaka.