Sarƙa mai zangarniyar alkama: ina zan samu ta aikin hannu?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokiyar aikina a asibiti nan Manchester Bayahudiya ce, za ta yi aure farkon bazara. Ita ta riƙe min aiki lokacin da na haihu, ina son in fita kunyarta. Na ga tana yawan sa 'yan kunne masu siffar zangarniyar alkama, sai na ce bari in nemo mata sarƙar da za ta shiga da su. Amma aikin hannu nake so, ba na inji ba. Wa ta san inda zan dosa?

Anti Rahila: Kin yi dabara, ƙanwata. Alkama ba ƙaramin abu ba ce a wajensu. A Attaura, littafin Maimaitawar Shari'a 8:8, an lissafa albarkar ƙasar Isra'ila guda bakwai, ita ce ta farko, sai sha'ir, inabi, ɓaure, rumman, zaitun da zuma. Kuma suna da idin girbin alkama, Shabu'ot, wanda mu muke kira Idin Makonni. Ana ƙirga kwana 49 daga Idin Ƙetarewa, rana ta 50 a yi shi. A zamanin Haikalin Urushalima gurasa biyu ta sabuwar alkama ake kaiwa. Ranar ce kuma suke karanta labarin Rut da ta yi kala a gonar Bo'aza a Baitalami. Masu riƙo da al'ada ba sa ɗaura aure a yawancin kwanakin ƙirgar nan, ina jin shi ya sa bikin ƙawarki ya faɗo bayan idin.

Maman Hanif: Ikon Allah. Ni fa na ɗauka kwalliya ce kawai. To hankalina ma ya fi kwanciya, don ban so in sayi mai tauraro ko mai rubutun da ban san me ya ce ba.

Hajiya Binta: Kafin a yi nisa, ki kiyayi abu ɗaya. In kin rubuta sarƙar alkama a intanet, abin da zai fara fito miki wata irin saƙa ce da ake kira spiga, wadda zubinta ya yi kama da kitso. Inji ke fitar da ita mita-mita, babu ruwanta da Yahudanci. Ke abin da kike nema shi ne ɗan abin ratayawar, mai siffar zangarniya. Sarƙar da za ta ɗauke shi ko wace iri ce ta yi.

Zulai: Ki duba Etsy, kasuwar intanet ta kayan aikin hannu, Maman Hanif. Akwai maƙera da yawa daga Isra'ila da Amurka a can.

Hajiya Binta: Akwai, amma akwai 'yan sari ma da ke kiran kansu maƙera, 'yata. Ki ce ya turo miki hoton bayan abin da na teburin aikinsa. In ya fara kame-kame, ki wuce. Aiki iri biyu na sani mai kyau. Na farko zubi: maƙerin ya sassaƙa zangarniyar da kaki, ko ma ya ɗauki ta gaske busasshiya, ya lulluɓe ta da farar ƙasa ta zubi, ya gasa har ta ƙone ƙurmus, sannan ya ɗura narkakkiyar azurfa a gurbin. In kin juya irin wannan a tafin hannu za ki ga ƙwayoyin ba su yi daidai da juna ba, wata ta kumbura wata ta motse, har ɗan tsagin tsakiyar ƙwayar yana nan. Na inji kuwa duk girmansu ɗaya, bayan kuma a rarake yake ko a shafe. Na biyu aikin siririyar waya na Yahudawan Yaman. Su ne manyan maƙeran azurfar Yaman kafin a kwashe yawancinsu zuwa Isra'ila a 1949 da 1950. Suna murɗa wayar azurfa kamar zare, su liƙa ƙananan ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi tsada, kuma ni shi na fi so, sai dai yana kama gyale.

Anti Rahila: Gaskiyar Hajiya. Tun makarantar Bezalel da aka buɗe a Urushalima a 1906 suke wannan aiki a can. Mai zuwa ziyara ta leƙa shagunan titin Kardo a tsohon garin Urushalima, ko unguwar masu zane a Safed. A Tel Aviv kuma akwai kasuwar Nahalat Binyamin, Talata da Juma'a, inda wanda ya yi abin shi ke zaune yana sayarwa. Kowa za ki aika wa saƙo, kada ki jira amsa daga yammacin Juma'a zuwa Asabar da dare, lokacin hutunsu ne.

Zulai: Na ga wani mai tsohon kwabo a tsakiya, zangarniya uku a jiki, wai na Sarki Agaribas. Ya yi kyau wallahi.

Anti Rahila: Kwabon gaskiya ne a tarihi, na wajen shekara ta 42 miladiyya, amma masana sha'ir suke cewa ke jikinsa, ba alkama ba. Ga jabu kamar me. Ban ba ta shawara ba.

Hajiya Binta: Ni da za ki ji tawa, kada ki wahalar da kanki da kuɗin kwastan. Ki hau jirgin ƙasa ki je unguwar maƙera ta Birmingham da hoton 'yan kunnen nata, a yi miki daidai su. Azurfa ki duba lambar 925 a jikinta, alamar ingancinta. A ƙasar nan in ta wuce giram 7.78 dole sai da hatimin ofishin awo, na Birmingham hoton ankar jirgin ruwa ne. In gwal ne, kada ki nace sai 21 irin namu na Dubai, ya yi laushi ga siraran gashin zangarniya, lanƙwashewa zai yi. Ki nemi 14 ko 18, wato mai lambar 585 ko 750 a jiki. Ruwan gwal kuwa ki bar shi, wata nawa ne ya koɗe.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. 'Yan kunnen nata farare ne, don haka azurfa zan yi. Hajiya, sati nawa suke ɗauka?

Hajiya Binta: Ki ba su wata guda da rabi don kada ki shiga uku. Ki ce a goge bakin gashin ya yi santsi, kuma ki tafi da awon wuyanta in kin iya samowa ba ta gane ba.