Surveillance: "sa ido" ko "bin sawu"?

1/ 'Yan uwa masu fassara da 'yan jarida, akwai wata kalma da ya kamata mu tsayar mata da Hausa guda: surveillance, wato yadda hukuma ko kamfani ke lura da motsin mutane da tattara bayanansu. Yanzu kowa yadda ta zo masa yake juya ta. Wani ya ce "sa ido", wani "leƙen asiri", wani "bibiya". Ni dai na tsaya a kan "bin sawu", ga kuma hujjata.

2/ "Sa ido" ta fi yawa a bakin mutane, sai dai mun riga mun ba ta wani aikin, mai daraja kuwa. Masu sa ido a zaɓe. Kwamitin majalisa mai sa ido kan kasafin kuɗi. Duk a nan talaka ne ko wakilinsa yake kallon mai mulki. To ranar da aka ce gwamnati ta sayo na'urorin "sa ido kan wayoyin jama'a", mai sauraro zai ɗauka wani abin kirki ne irin na wancan, don kunnensa ya saba jin kalmar a wajen neman gaskiya. Alhali ita surveillance daga Faransanci ta fito, kuma gaɓarta ta farko, sur, tana nufin "a bisa". Kallo ne daga sama zuwa ƙasa, tun daga tushenta.

3/ Ku dubi zaɓen Kenya na 2017. Mai zaɓe ya zo rumfa, na'ura ta karanta zanen yatsansa kafin a ba shi takardar ƙuri'a. Da rigima ta kai kotun ƙoli, alƙalai suka umarci hukumar zaɓe ta buɗe kwamfutocin da aka tura sakamako ta cikinsu a duba. Hukumar ba ta cika umarnin ba, ran 1 ga Satumba kuma kotun, ƙarƙashin David Maraga, ta soke zaɓen shugaban ƙasa. Na'urar ta san mai zaɓe har bakin yatsa, shi kuwa an hana shi ganin cikinta. Wanda zai ba da wannan labari da Hausa yana bukatar kalma biyu: ɗaya ga abin da aka yi wa mai zaɓe, ɗaya ga abin da aka hana shi yi.

4/ "Leƙen asiri" ta fi kusa, kuma akwai inda ta zauna daram. Manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda bincike ya fallasa a 2021 cewa ana kutsa ta cikin wayoyin 'yan jarida da 'yan adawa ba su sani ba, wannan leƙen asiri ne tsantsa. Amma mafi yawan abin da muke magana a kai ba a ɓoye ake yin sa ba. Da ƙafarka za ka je wurin rajista, ka bi layi, ka miƙa yatsu goma, ka buɗe ido a ɗauki hoton ƙwayarsa, ka yi wa jami'i godiya. Kyamarar da ke kan titi ma a fili take. Abin da ake tarawa kuma ba asiri ba ne: wa ka kira, ƙarfe nawa, daga ina, nawa ka tura wa wa. Kowanne shi kaɗai ba komai, haɗa su wuri guda ne yake fito da mutum sarai. Sannan da zarar ka ce "asiri", amsa ɗaya za ka ji: "Ni ai ba ni da abin ɓoyewa." Shi ke nan an kashe maganar.

5/ "Bibiya" ta tafi, masu bibiyarka a Facebook da TikTok sun ɗauke ta. "Bin diddigi" kuma mu bar wa masu binciken ƙwaƙwaf da masu tantance labarai.

6/ Ina so a samu kalmar da za ta iya ɗaukar tarihin abin, domin a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka ba da kwamfuta ya fara ba. A 1858 wani jami'in Ingila a Bengal, William Herschel, ya sa ɗan kwangila ya dangwala tafin hannunsa a kan takardar yarjejeniya. A 1897 aka buɗe ofishin zanen yatsu a Kalkata, kafin 'yan sandan Landan su buɗe nasu a 1901, kuma Indiyawa biyu, Azizul Haque da Hem Chandra Bose, su suka yi aikin tsara yadda ake rarraba zanen, sunan maigidansu Edward Henry ya bi tsarin. A Kenya, tun wajajen 1920, ɗan ƙasa namiji sai ya rataya kipande a wuya: ɗan gwangwanin ƙarfe mai takarda a ciki, da sunansa da zanen yatsunsa da bayanin inda ya yi aiki. In ya gudu daga gonar Bature, da ita ake gano shi. A Ruwanda, 'yan Beljiyam suka rubuta ƙabila a katin shaida a shekarun 1930, kuma katin mai ɗauke da ƙabila shi ake tambaya a shingayen hanya lokacin kisan kiyashin 1994. Turawa sun tafi, rajista ta zauna, gwamnatocin 'yanci suka gaje ta. Ba wanda zai kira kipande "sa ido" bakinsa bai yi nauyi ba.

7/ Sawu shi ne abin da ka bari a baya ba da niyya ba, kuma ba ka iya tafiya ba ka bar shi ba. Haka waya take: muddin tana kunne, tana gaisawa da turken sadarwa mafi kusa, kamfani yana rubutawa, layin kuma da sunanka aka yi masa rajista. Mai bin sawu a bayanka yake, yana ganin inda ka bi, kai ba ka ganinsa. Ba a bin sawun mutum don a gaishe shi, kowa ya san haka, saboda haka kalmar tana zuwa da gargaɗinta. Ga shi kuma tana juyuwa ba wahala: na'urorin bin sawu, kamfanonin bin sawu, an bi sawunta, a daina bin sawunmu. Har ta ba mu "sawu" kyauta don bayanan da muke zubarwa a intanet, tunda "data" a bakin jama'a ta riga ta zama abin da ake saya ya ƙare.

8/ Wani malamina ya ce za a rikita ta da "bin sahu", wato yin koyi. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ba na jin wanda ya ji "hukuma tana bin sawun masu zanga-zanga ta wayoyinsu" zai ɗauka hukumar ce ta shiga zanga-zangar.

9/ Sukar da ta fi cizo wata 'yar uwa ce ta kawo ta. Ta ce bin sawu sai an yi ɓarna ake yin sa, kuma mutum ɗaya ake bi, na zamani kuwa na kowa ake kwashewa a ajiye tun ba a zargi kowa ba. Gaskiyarta. Abin da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya tona a 2013 ke nan, haka kuma fargabar da aka yi kan Aadhaar, tsarin lambar shaida na Indiya, mai zanen yatsu da hoton idanun mutum sama da biliyan ɗaya, wanda shari'arsa ta sa kotun ƙolin ƙasar ta ce a 2017 sirrin mutum haƙƙi ne da tsarin mulki ya kare. Don haka na yarda a raba: "bin sawu" ga abin gaba ɗaya, "tara sawu" idan na jama'a duka ake kwashewa.

10/ Akwai wani ɓangare da ko wannan bai rufe ba. Lebura a Indiya da aiki ya shafe masa zanen yatsa, na'ura ta kasa gane shi, ya rasa rabon hatsinsa. Nubiyawan unguwar Kibera ta Nairobi a Kenya, da Ingila ta kawo kakanninsu daga Sudan aikin soja, waɗanda suka daɗe suna shan tantancewa ta musamman kafin su samu katin ɗan ƙasa, har suka shiga cikin masu kai Huduma Namba, shirin rajistar jama'a na Kenya, kotu. Su kukansu shi ne rajistar ta ƙi ganinsu. Wannan sunansa daban, kada mu cusa shi nan.

11/ Na lafiya kuwa a bar shi yadda yake: "sa ido kan cututtuka", domin cuta ake kallo. Masu rubuta kanun labarai ku gwada "bin sawu" a wannan makon ku faɗa mana inda ta ƙi zama. Sai mu koma kan privacy, don ni ma "sirri" na rubuta a sama, kuma bai gamsar da ni ba.