Zuwa arewa ba jirgin sama: pantun, jirgin ruwa da abin da ya rage na dogo

Mai Kanti, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Hunturu ya kusa, kuma kowa ya san idan hazo ya sauka jirgin saman Tamale, a arewacin Ghana, yakan yi jinkiri ko a soke tashinsa gaba ɗaya. Waɗanda suka san hanyar ruwa da ta dogo su taimaka mana: ina ake hawa, me ake riƙewa, a ina ake maƙalewa? Har da masu zuwa Kaduna da Kano.

Tsohon Direba, Asawase:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara cire jirgin ƙasa daga lissafin Kumasi. Dogo ya iso garin nan daga Sekondi a 1903, na Accra ya iso a 1923, amma yau ba jirgin fasinja da ke tashi daga nan. Abin da ke hannunmu shi ne mota zuwa Yeji a bakin tafkin Volta, sai pantun, wato jirgin ruwan da ke ƙetarar da motoci da mutane.

Hanyar ita ce Mampong, Ejura, Atebubu, Prang, Yeji, kilomita 200 da 'yan kai. Daga Yeji pantun ya ƙetara da kai Makango cikin awa guda ko sama da haka, daga nan mota zuwa Salaga, daga Salaga zuwa Tamale. Wanda Tamale kawai ya nufa, hanyar Techiman da Kintampo ta fi masa sauƙi, gadar Buipe da ta Yapei sun raba shi da jiran ruwa. Hanyar Yeji ta mai zuwa Salaga, Kpandai ko Bimbilla ce.

Lissafin daga baya ake yinsa. Pantun sau kaɗan yake ƙetarewa a yini, don haka ka fara sanin lokacin ƙetarewa ta ƙarshe, sannan ka ƙirgo baya ka san lokacin barin Kumasi. A aikace ma'anarsa ka tashi da asuba. Wanda ya bar Kumasi da hantsi a motar haya da sai ta cika take tashi, ya shirya kwana a Yeji. Litinin ranar kasuwar Yeji ce, tun Lahadi motocin kifi da doya ke yin layi a bakin ruwa, kuma layin mota daban yake da na mutum. Mai tafiya a ƙafa kusan kullum yana samun wuri, mai mota ne ake bari a baya.

In da motarka za ka hau, fasinjoji su sauka tukuna. Idan ruwa ya ja baya, gangaren bakin ruwa yana yin tsayi da laka, ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa takan goga cikinta a bakin ƙarfen hawa. Ka shiga a karkace, a hankali, a giya ta ɗaya. Bayan ka tsaya ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka sa waigi a taya.

Ɗan Sabon Zango:
Baba Direba, ƙari ɗaya: lokacin maulidin Prang motocin hanyar nan cika suke tun daga tasha, a nemi wuri tun ana gobe tafiya. Kuma in pantun ya wuce ka, masu kwalekwale za su zo suna kiranka. Ya halatta a hau ko a'a?

Tsohon Direba, Asawase:
Ɗana, kwalekwalen ya fi sauri, amma ka san abin da ke ƙarƙashin ruwan. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya rufe daji ne da itatuwansa a tsaye, har yau kututturan suna nan. Lokacin da ruwa ya cika suna nutse can ƙasa. Lokacin da ya ja, kawunansu suna dab da fuskar ruwa, ba a ganinsu sai an hau kansu. Yawancin haɗurran tafkin nan daga abu uku suke: kututture, lodi fiye da kima, da iskar hadari, musamman daga Maris zuwa Mayu da farkon damina, wadda kan taso da yamma ba sallama.

In dole ce, ka duba abu uku kafin ka sa ƙafa. Tsakanin ruwa da leɓen kwalekwalen akwai tazara ko lodi ya danne shi? Akwai rigar ceto da za a ba ka ka sa, ko tana ɗaure a ƙarƙashin buhuna? Sama a washe take? In ɗaya ya faɗi, ka kwana a Yeji. Bayan la'asar kuwa kada ka hau ko da duka ukun sun cika.

Hajiya Mai Doya, Nima:
Ni ta doguwar hanyar zan yi magana, daga Akosombo zuwa Yeji, tunda ita ce mutanen Accra ke tambaya. Kamfanin Volta Lake Transport ne ke da jiragen, kuma wanda aka sani da ɗaukar mutane shi ne Yapei Queen. Tsarin da aka saba shi ne sau ɗaya a mako: ya bar Akosombo Litinin da yamma, ya tsaya Kete Krachi da wasu ƙananan garuruwa, ya isa Yeji daren Talata. A ƙaddara yini da rabi. Kada kowa ya ɗaura kaya sai ya kira ofishinsu na Akosombo ya ji cewa jirgin na tashi a wannan makon, domin jirgi ɗaya in ya shiga gyara ba wani a madadinsa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne jirgin kaya ne da ke rage wa mutane hanya. Tsayuwarsa a kowane gari tsawon lodi ce, ba ta agogo ba. Lokacin sabuwar doya, dawowa kudu ta fi tafiya arewa daɗewa, don a kowace tasha sai an jera doya ɗaya bayan ɗaya cikin akwatunan katako.

Daga Accra a hau motar Akosombo, a wuce Kpong da Atimpoku. Tashar jirgin ba a cikin gari take ba, sai an ƙara da tasi. A isa da azahar, saboda ɗakunan kwana 'yan kaɗan ne kuma tun da wuri ake kama su. Saura benci ne da dandamali. Guzuri: tabarma, bargo ko zane mai kauri (sanyin tsakar dare a kan ruwa ba wasa ba ne, balle da hunturu), jakar ruwan leda (fiya wata) guda ga mutum biyu, gari da suga da gyaɗa, burodi, dokunu da shito, tocila, maganin sauro, buta. A Atimpoku ana sayar da abolo (turararren burodin masara) da soyayyen ƙananan kifi, suna kai wa gobe ba su lalace ba. Shinkafa da miya kuwa a cinye ta daren farko. Ana dafa abinci a jirgi, amma yakan ƙare.

Kuɗi a riƙe a hannu, ƙananan takardu. Sabis yana ɗaukewa a tsakiyar tafki, MoMo (kuɗin waya) ba zai yi maka komai ba a lokacin da mai ɗaukar kaya ke tsaye yana jiranka. Kuma isowa Yeji cikin dare ne, ba pantun ba mota, saboda haka kwanan Yeji yana cikin lissafi.

Mai Kanti, Aboabo:
Hajiya, Allah ya saka. To amma yini da rabi, ga kwana a Yeji, alhali bas na kai mutum Tamale daga Accra cikin awa 12 ko kusa da haka?

Hajiya Mai Doya, Nima:
Gaskiyarka Alhaji. Mai jaka ɗaya da ke sauri ba shi da abin yi a jirgin nan. Ribarsa tana ga mai kaya masu nauyi, da mai zuwa Kete Krachi da garuruwan bakin ruwa, da tsohon da ba ya iya naɗe ƙafa a kujera dare guda. A jirgi kana miƙewa, kana zagayawa, kana sallarka a tsaye.

Malamin Makarantar Allo, Maamobi:
Tunda Hajiya ta kawo salla. Alƙibla daga ƙasar nan gabas ce da ɗan karkata arewa. In jirgi ya miƙa arewa, tana hannun damanka, ka ɗan juya wajen goshin jirgin. Tafkin yana lanƙwasa, don haka a sake dubawa kowace salla, kada a dogara da inda aka fuskanta da azahar. Tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, ƙasaru ta tabbata. Alwala kuma a yi da ruwan jirgi ko na leda. Kada a sauka a shiga ruwan gefe mai ciyawa a tashoshi, a nan ake ɗaukar tsargiya, yara sun fi kamuwa don su ne masu son wasa a ciki.

Ɗan Tasha, Tudu:
Akwai masu cewa yanzu za a hau jirgin ƙasa daga Tema a sauka a hau na ruwa. A yi hattara. Layin Tema zuwa Mpakadan kilomita 97 ne, an ƙaddamar da shi a Nuwamban 2024, kuma an shimfiɗa shi ne da nufin ya haɗu da tafkin. Amma jirgin ruwa daga Akosombo yake tashi, ba daga Mpakadan ba, kuma jadawalin biyun ba a ɗinke yake ba. Mai son kama jirgin Litinin ya hau mota.

Sai masu Najeriya. Daga Accra zuwa Legas ba dogo, mota ce da iyaka uku: Aflao, Hillacondji, Seme. A riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, a riƙe ɗan sefa na hanya da naira. Agogo yana yaudarar mutane: Togo lokacinmu ɗaya, amma da ka shiga Benin an ƙara awa guda, haka Najeriya. Wanda bai gyara agogonsa ba zai isa tasha jirgi ya tafi.

A can guntaye biyu ne ke da amfani gare mu. Legas zuwa Ibadan, wanda ya fara aiki a 2021, daga Ebute Metta zuwa Moniya, awa biyu da rabi zuwa uku. Sai Abuja zuwa Kaduna, tun 2016, daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa. Tsakanin Ibadan da Abuja mota ce ta yini guda, daga Kaduna zuwa Kano ma mota. Moniya a wajen gari take, a sa kuɗin tasi da lokacinsa a lissafi. Tun bayan harin 28 ga Maris 2022 an tsananta duba shaida a layin Kaduna, sunan da ke kan tikiti dole ya dace da na takardarka, saboda haka kada ka sayi tikiti a hannun ɗan bumburutu a ƙofar tasha.

Ɗan Sabon Zango:
Yaya, ke nan bas ɗin da ke isa Legas da dare ba ya haɗuwa da jirgin Ibadan?

Ɗan Tasha, Tudu:
Ba ya haɗuwa, ƙanena. Ba wanda ya san awa nawa iyaka za ta ci, don haka kada ka sayi tikitin ranar da kake sa ran isowa. Ka sayi na washegari da safe, ka kwana a Legas kusa da Ebute Metta ko Yaba, ka isa tasha awa guda kafin tashi saboda binciken kaya. Kuma ka sa riga mai kauri a saman jaka, na'urar sanyin cikin taragon tana da ƙarfi.